Adakar kakanmu: mu kai Gidan Makama ko mu bar ta a gida?

Ɗan Koki:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawara nake nema, amma bari in fara da abin da ya tayar da maganar.

Ranar Asabar na kai yarana uku Gidan Makama, gidan tarihin nan na Kano. Rabona da shiga gidan tun muna firamare, alhali kullum ta ƙofarsa nake wucewa. Babbar 'yata ce aka ba su aikin gida a kan Sarki Muhammadu Rumfa, ta matsa sai mun je. Jami'in da ya zaga da mu ya yi mana bayanin cewa don Rumfa aka gina gidan tun yana Makama, kafin ya hau gadon sarauta a 1463, daga baya ya gina gidan sarautar da ke kallonsa yanzu ya koma can. Da Turawa suka ci Kano a 1903 sun yi ofis a cikinsa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne tsohon ƙyauren ƙofar gari. Ƙarfe ne bugun maƙera, an jera shi falle-falle an ɗaure da manyan ƙusoshi, ya yi baƙi ƙirin saboda tsufa. Autana ya miƙa hannu zai shafa, na riƙe shi. Ya ɗaga kai ya ce, "Baba, wa yake iya rufe wannan?" Na ce masa kowace ƙofa da sarkinta, in dare ya yi a ja ƙyaure, wanda ya makara ya kwana a waje sai gari ya waye. Har muka iso gida yaron nan bai daina tambaya ba.

To a gidanmu akwai wata adaka ta kakan mahaifinmu, bafatake ne mai zuwa Gwanja sayo goro. A ciki akwai takobi da kubensa, da riga saƙi mai aska takwas, da tandu, da 'yar jaka cike da wuri, da layu, da gafaka biyu maƙare da takardu. Tun da mahaifinmu ya rasu ba wanda ya kula da ita. Makon jiya wani dillali ya zo har zaure ya taya takobin da rigar da kuɗi masu kauri. Yayanmu ya ce a sayar a raba. Ni kuma tun da na ga ƙyauren nan zuciyata take cewa a kai gidan tarihi. Ƙanwarmu ta ce ba inda za a kai, a bar kayan kakanni a gidan kakanni. Me kuka gani?

Baban Yara Fagge:
Wa alaikumus salam. Malam Ɗan Koki, gaskiya ni bayan yayanku nake. Ana cikin wannan tsadar, buhun shinkafa ya gagari mai albashi, za ka ce wa magada su haƙura da kuɗi don a rataye takobi a bango mutane su riƙa kallo? Wataƙila a cikinku akwai mai bashin asibiti, akwai mai kuɗin makarantar yara. Mai rai ya fi tsohon ƙarfe buƙata.

Ɗalibar Tarihi:
Baba, da girmamawa, akwai abin da ya kamata a sani kafin a kai ga ciniki. Dokar da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa a 1979 ta hana sayar da kayan tarihi ga kowa sai hukumar ko wakilin da ta amince da shi, ta kuma hana fitar da su ƙasar waje ba izini. Abin da aka ƙera a ƙasar nan kafin 1918 ya shiga cikin dokar. Wanda ya yi fataucin Gwanja da ƙafa, kayansa da wuya su wuce wannan shekarar. Ku tambayi dillalin nan takardar izininsa, za ku ga yadda zai yi.

Sannan ba ajiyewa zai yi ba. Hannu zuwa hannu ne har kayan su tsallaka teku, a sa su cikin gilashi a falon wani, a rubuta "takobin Afirka ta Yamma". Sunan kakanku da Koki da Gwanja duk sun bi ruwa.

Baban Yara Fagge:
Ban san da dokar ba, 'yata, na gode. Amma ki amsa mini wannan: in sun kai gidan tarihi, me za a ba su?

Ɗalibar Tarihi:
Galibi kyauta ake bayarwa, Baba, ko kuma a bayar aro na wasu shekaru, mallaka tana hannun iyali. Ba hanyar samun kuɗi ba ce, ba zan ɓoye ba.

Malam Na Madabo:
Bismillah. Ɗan Koki, Allah ya jiƙan mahaifinku. Kafin a yi maganar sayarwa ko kyautarwa, sai an san na wane ne. Tun da kayan kakan mahaifinku ne, tambaya ta farko ita ce: an raba gadonsa sun faɗo a rabon kakanku, sannan a rabon mahaifinku? Ko kuwa ajiye su kawai aka yi a babban gida don nan ne tushe? In na biyun ne, to ba ku kaɗai ke da haƙƙi ba. Gwaggwanninku da 'ya'yan baffanninku duk suna ciki, kuma mata su ake yawan mantawa a irin wannan. Kai ba ka da ikon kyautar da abin da ba naka kai kaɗai ba, yayanku ma ba shi da ikon sayarwa. In duk magada suka yarda suka mayar da shi waƙafi don amfanin jama'a, wannan alheri ne, musamman takardun in na ilimi ne.

Abu Sumayya:
Allah ya gafarta Malam, ni abin da ke damuna daban ne. Ya ce akwai layu a ciki. Irin waɗannan gidajen ba su ne ake tara kayan tsafi ana girmama su ba? Ana ba yara labarin Barbushe da Tsumburbura kamar abin alfahari. Ni a ganina a ƙona layun, sauran kuma a yi yadda za a yi da su.

Malam Na Madabo:
Abu Sumayya, kishinka mai kyau ne, amma a bambanta ajiye abu don a bauta masa da ajiye shi don a san abin da ya faru. Alƙur'ani ya umarce mu mu yi tafiya a bayan ƙasa mu ga yadda ƙarshen na gabanmu ya kasance. Yaron da ya san cewa a da ana hawa Dala ana yanka wa Tsumburbura, sannan Wangarawa suka zo zamanin Sarki Yaji da salla da karatu, sannan Shehu Magili ya zauna a garin nan zamanin Rumfa har ya rubuta masa nasiha a kan yadda ake mulki, wannan yaron ya fi sanin darajar abin da ya gada. Unguwarmu ta Madabo ma ai da zuwan Wangarawan nan aka san ta.

Layu kuwa, kada a yi gaggawar ƙonawa. Yawancin na fatake ayoyi ne da addu'o'in tsari a ɗinke cikin fata. A bari mai ilimi ya duba tukuna.

Maman Ilham:
Ni dai ina bayan ƙanwarku, kuma ina da dalili. Kakata ta bar jere guda: tasoshi, da fanteka, da kwalla, da ƙore masu zane, da tuma-ƙasa da ta saƙa da hannunta. Duk jikar da za a aurar sai an kai ta ɗakin an nuna mata, ana cewa wannan tasar da ita aka kai gara gidan wane, wannan akushin na mai gidan ne, ba mai ci a ciki sai shi. Abin yana da rai saboda masu ba da labarin suna nan. In aka ɗauke aka kai inda ba wanda ya san Inna, ya zama kwano kawai.

Hajiya Ta Gwale:
Maman Ilham, 'yar nan, ina jeren yake yanzu?

Maman Ilham:
Hajiya, kin taɓo inda yake mini ciwo. Bayan rasuwar mahaifiyarmu aka rushe ɗakin za a yi na siminti, aka kwashe kayan aka zuba a buhuna. Masu gwangwan suka saye tasoshin a kan kilo. Ƙoren kuma damina ta same su a bayan gida. Tasa ɗaya ce ta rage a hannuna.

Hajiya Ta Gwale:
To kin gani. Ba don in ƙure ki na tambaya ba, nima haka ta faru da mu. Na haura saba'in, na ga gidaje da yawa da aka ce "a bar kayan kakanni a gida". Mai riƙon yana mutuwa shi ke nan. Littattafan mahaifina, malami ne mai almajirai, a cikin buhu gara ta cinye su a soro. Ranar da aka buɗe, gari ne ya zubo, sai bangon fata. Na yi kuka kamar ranar ya rasu.

Kuma masu cewa Gidan Makama na sarakuna ne kaɗai, su je su gani. Akwai ɗakin amarya da aka shirya irin na da, da gado da jere. Da na kai jikokina, a nan na fi daɗewa. Na nuna musu yadda ake ɗora ƙwarya kan ƙwarya, babba a ƙasa ƙarama a sama, na ce haka ɗakin uwata yake. Wata baƙuwa da ke gefe ta matso tana saurare, sai ga mu mun tara mutane.

Sabon Jini:
Hajiya, Allah ya ƙara lafiya, amma ni ina cikin masu cewa hakan. Ka shiga ka ji Bagauda 999, Gijimasu ya fara ganuwa, Kanajeji ya kawo lifidi da sulke da kwalkwali, Rumfa ya kafa Kurmi ya kawo kakaki da figini, Dabo, Alu, Abbas. Sarki bayan sarki. Ina sunan wanda ya ɗebo ƙasar ganuwar a kansa? Ina bayin da suka yi noma a gandaye? Ina marinan Ƙofar Mata, ina dukawa, ina matan da suka kaɗa zaren da aka saƙa rigunan da matafiyin nan Bajamushe Barth ya gani a 1851 har ya cika littafinsa da yabon masaƙar Kano? Arzikin garin nan a hannun waɗannan ya fito.

Ɗalibar Tarihi:
Yaya Sabon Jini, rabin maganarka gaskiya ce. Tarihin Kano da aka rubuta da Larabci, wanda Baturen mulki Palmer ya fassara a 1908, jerin sarakuna ne, kuma shi ne ƙashin bayan abin da ake faɗa. Amma ka lura, maganarka hujja ce ga Ɗan Koki. Gidan tarihi abin da ya samu yake nunawa. Fada tana adana nata. Talaka kuwa in ya mutu sai a sayar da nasa a kan kilo, kamar yadda Maman Ilham ta faɗa yanzu. Adakar bafatake irin wannan ita ce ainihin abin da kake cewa babu. In masu ita suka riƙe ko suka sayar, wa za a zarga?

Na Zangon Kumasi:
Salamu alaikum 'yan uwa na Kano. Tun da na ga an ambaci Gwanja na kasa yin shiru. Mu nan zango jikokin waɗannan fataken ne. Ayari yakan taso daga Kano da turkuɗi da kanwa da fatu, madugu a gaba da jagaba, a yi watanni a hanya kafin a sauka Salaga, babbar kasuwar goro ta Gwanja, a juyo da goro a naɗe cikin ganye ana yayyafa masa ruwa kada ya bushe. Wasu ba su koma ba, su ne kakanninmu. Alhasan Ɗantata ma ya yi fatauci a nan Ghana kafin gyada ta ɗaukaka shi a Kano.

Ɗan Koki, don Allah kada ku raba takardun nan da sauran kayan. A cikin irinsu ake samun wasiƙu, da lissafin bashi, da sunayen masaukai da fatoma. Wataƙila sunan wani gida na nan zangon yana ciki.

Abu na biyu: a 2024 an dawo da wasu kayan zinariya na fadar Asante da Turawan Ingila suka kwashe tun yaƙin 1874, aka ajiye a gidan tarihin fadar Manhyia. Waɗanda suka fito daga gidajen tarihin Landan ma aro aka ba da su, ba kyauta ba. Na ga yadda mutane suka yi layi suna kallo. Shekara 150 abin da yake naka yana hannun wasu. Wancan da bindiga aka ƙwata. Ku kuma da hannunku za ku miƙa?

Baban Yara Fagge:
Wannan magana ta shige ni. Na janye batun dillali. Amma har yanzu ina da tsoro ɗaya, kuma na san ba ni kaɗai ba: ka kai abu wurin hukuma, bayan shekara biyar ka je ka ce ina yake, a ce ba a san zancen ba. Ba wani wuri nake nufi ba, halin ƙasar ne.

Ɗalibar Tarihi:
Tsoron yana kan hanya, Baba, shi ya sa ba a miƙa kaya da baki. Kowane abu a ɗauke shi hoto ta kowane gefe, a auna tsawonsa, a rubuta. A yi takardar yarjejeniya mai sa hannun magada da na hukumar, a ba kowane abu lambarsa ta rajista, iyali su riƙe kwafi. In aro ne a rubuta shekarun da sharaɗin karɓa. A kuma nemi a rubuta sunan mai kayan da unguwarsa a jikin bayanin, da Hausa.

Takardu kuma ba lallai sai Gidan Makama ba. Akwai Gidan Ɗan Hausa a Nasarawa, inda Hanns Vischer ya zauna ya buɗe makarantar boko a 1909, yanzu hukumar tarihi da al'adu ta jiha ce a ciki. Akwai Jami'ar Bayero, akwai Arewa House a Kaduna, duk suna adana rubuce-rubucen hannu. Kafin nan, Yaya Ɗan Koki, roƙona: kada a sa su a leda, kada a liƙa musu salatif, kada a kai a manne su cikin roba. Kada kuma a sauya jerinsu, domin ba a ɗinke irin waɗannan littattafan ba, falle-falle ne, kalmar da ke ƙasan shafi ita ke nuna wanda ke biye. A wanke hannu a bushe kafin a taɓa. Ka ɗaga falle ɗaya a hasken taga ka gaya mana abin da ka gani a cikin takardar.

Ɗan Damagaram:
Gaisuwa daga Zinder. Ina bin ku tun farko. Tarihinmu da naku a sarƙe yake, har yaƙi mun yi zamanin Sarki Amadu Kuran Daga da Sarki Alu, yau kuma ga mu a zaure ɗaya. Abin da zan ƙara shi ne, gidan tarihinmu na ƙasa da ke Yamai, wanda aka buɗe a 1959 kuma yake ɗauke da sunan Bubu Hama, ba kayan kallo kaɗai ke ciki ba. Akwai masu sana'a a zaune suna aiki, maƙeran azurfa da dukawa da masaƙa, kana gani kana saye. Yaro ya ga tsohon abu a ɗaki, ya fito ya ga mai yin irinsa da rai. Wannan zai rage damuwar Maman Ilham. Kano da ke da Kurmi da Ƙofar Mata a kusa ta fi kowa sauƙin yin haka.

Magini Ɗan Gado:
Ku yi haƙuri in ɗan karkata. Kowa na maganar abin da ke cikin gidan, ni gidan kansa nake kallo. Gini ne na tubali da azara, rufin ɗaurin guga, bakan gizo ya tashi daga bango ya haɗu a tsakiya ba ƙarfe ba siminti. Ka shiga da azahar a watan bazara ka ji sanyi kamar an yi yayyafi. Irin wannan gini kowace shekara yana son yaɓe kafin damina, a duba indararo, a shafe shi da makuba. Mu da muka gaji aikin mun ƙaranta, 'ya'yanmu sun koma bulo. Ganuwa ma da aka fara tun zamanin Gijimasu ga ta nan muna kallo, wani ya ɗebi ƙasarta, wani ya kafa shago a kanta. Ƙyauren da yaronka ya gani, Ɗan Koki, ya tsira ne don an ɗauke shi an kai ciki.

Sabon Jini:
Baba magini, wannan gaskiya ne. A Disambar 2024 UNESCO ta sa hawan sallar Kano cikin al'adun duniya da ake karewa, muka yi ta murna. Amma masu ɗinka lifidi da masu ƙera linzami da likkafa, nawa suka rage? Na sauko daga inda na tsaya ɗazu, da sharaɗi ɗaya: in an kai adakar, a rubuta cewa ta bafatake ce talaka, kada a ƙaƙaba masa sarauta.

Ɗan Koki:
Jama'a, Allah ya saka da alheri. Kwana biyu kuka ji ni shiru, ga abin da ya faru.

Malam, na bi maganarka. Na je wurin gwaggonmu, ita kaɗai ta rage a ɗakinsu mahaifinmu, ta kusa tamanin da biyar. Ta ce ba a taɓa raba kayan ba, ajiya ce. Ke nan magadan sun fi yadda muka zata yawa. Muka kai mata adakar har ɗaki. Da ta ga rigar sai ta rufe fuska da mayafi, ta daɗe ba ta ce komai ba. Daga baya ta ce tana yarinya ta ga kakanmu ya sa ta sau ɗaya, ranar idi. Ta juya wuyan rigar ta nuna mana wani ɗinki da baƙin zare, ta ce uwarta ce ta yi shi da ta farke. Tandun kuma ta buɗe ta shinshina, ta ce har yanzu da saura. Na kunna waya na ɗauki muryarta kusan awa guda, tana lissafa zangon da ta ji ana faɗa a hanyar Gwanja.

Ɗalibar Tarihi, na ɗaga takardar a taga. Akwai jinjirin wata guda uku a jere a cikinta, babba da matsakaici da ƙarami.

Ɗalibar Tarihi:
Allahu akbar. Wannan takardar Italiya ce, Yaya. Ta Tarabulus take shigowa, ta ratso Sahara a bayan raƙuma har Kurmi, ita malamanmu suka fi rubutu a kai a wancan zamanin. Ka ga a gafaka ɗaya hanyar arewa da hanyar Gwanja sun haɗu.

Ɗan Koki:
Yayanmu yana wurin lokacin da Gwaggo take magana, shi da kansa ya kira dillalin ya ce an fasa. Ba mu gama yanke shawara ba. Gwaggo ta ce rigar ba za ta bar gidan ba tana raye, kuma ba wanda ya musa mata. Takobin da wurin da tandun, yawancinmu mun karkata a ba da su aro da takarda, amma sai an ji ta bakin 'ya'yan baffanmu da ke Jos, an aika musu. Wanda yake cikin matsi a cikinmu kuma mun ce za mu haɗa masa wani abu daga aljihunmu, Baban Yara, ban manta da maganarka ba.

Saura takardun. Rubutun irin na da ne, wasu da Larabci wasu da ajami, ni ko layi ɗaya ban iya fitarwa ba. Malam Na Madabo, ko za ka samu lokaci ranar Alhamis bayan la'asar in kawo maka gafaka ɗaya?

Malam Na Madabo:
Kada ka ɗauko su, ɗana, kada iska ko zufa ta taɓa su a hanya. Ni zan zo. Ka shimfiɗa tabarma mai tsabta inda haske yake, ka kuma ce wa Gwaggo ta zauna kusa, domin in sunaye suka fito ita za ta gane su.

Na Zangon Kumasi:
Malam, in kun ci karo da sunan Salaga ko na wani mai masauki, don Allah ku turo mini hoton shafin. Akwai wani tsoho a nan zangon da zan kai wa ya duba.